Ma'adinin Kwal da Matsayinsa Wajen Samar da Makamashi a Nijeriya

Gabatarwa

Kwal yana ɗaya daga cikin ma'adinan da aka fara haƙa domin kasuwanci a Nijeriya, kuma ya yi kusan shekaru 40 yana ɗauke da nauyin sufuri da wutar lantarki a ƙasar nan. Da ƙarfinsa jiragen ƙasa suka riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu daga Kano da Zariya da Gusau zuwa bakin teku, da shi kuma aka haskaka Legas da Inugu tun kafin a gina madatsar ruwa ta Kainji. A yau kuwa babu ko tasha ɗaya mai aiki da kwal da ke zuba wuta a babban layin lantarki na ƙasa, alhali ma'adinin yana nan jibge a ƙarƙashin gonaki da dazuzzuka a jihohi fiye da 10.

An shirya wannan bayani ne domin jama'ar karkara, da masu riƙe da sarautun gargajiya, da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, su fahimci yadda wannan sana'a ta tashi, da dalilin durƙushewarta, da kuma sigar da ta dawo da ita a 'yan shekarun nan. Sanin haka yana da muhimmanci, domin a ƙauye ake haƙar kwal, kuma manomi da makiyayi su ne suke fara ganin alherinsa ko sharrinsa.

Mene Ne Kwal?

Sau da yawa mutane kan haɗa kwal da gawayi, saboda dukkansu baƙaƙe ne kuma suna cin wuta. Amma asalinsu ya bambanta. Gawayi ɗan Adam ne ke yin sa, ya sare itace ya turara shi cikin 'yan kwanaki. Shi kuwa kwal dutse ne da ya samu daga itatuwa da ciyayin fadamu waɗanda laka da yashi suka binne tun miliyoyin shekaru da suka shuɗe, nauyin ƙasa da zafinta suka matse su har suka daskare. Ana samunsa shimfiɗe hawa-hawa a tsakanin duwatsu, wani kusa da doron ƙasa, wani kuma can cikin zurfi.

Masana sun kasa kwal gida huɗu gwargwadon nunarsa. Akwai ɗanye mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ake kira lignait, mai yawan danshi da ƙarancin zafi. Akwai matsakaici, akwai nunanne mai zafi sosai, sannan akwai mafi tauri da ƙyalli, wanda ya fi kowanne daraja. Yawancin kwal ɗin Nijeriya matsakaici ne, kuma an san shi da ƙarancin farar wuta, abin da ya sa ya dace da dafa siminti da samar da lantarki. Sai dai bai cika dacewa da narka tama ba, domin wannan aiki yana bukatar wani nau'i na musamman mai dunƙulewa idan an gasa shi.

Hanyoyin haƙarsa biyu ne. Ta farko ita ce a fasa rami mai tsawo a bi shimfiɗar kwal ɗin ta ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda aka yi a Inugu. Ta biyu ita ce a kwashe ƙasar sama baki ɗaya da manyan injuna, a bar wawakeken rami a buɗe. Wannan hanya ta biyu ta fi sauƙin kuɗi, ita aka fi bi a yanzu, kuma ita ce ta fi cin gonaki.

Wuraren da Ake Samun Kwal

Mafi yawan kwal ɗin ƙasar nan yana kwance ne a wani dogon zirin ƙasa da ya taso daga kudu maso gabas, ya bi kwarin Binuwai ya nufi arewa maso gabas. Fitattun wuraren sun haɗa da Inugu da kewayenta, da Okaba da Ogboyaga a Jihar Kogi, da Owukpa a Jihar Binuwai, da yankin Lafiya da Obi a Jihar Nasarawa, da Maiganga a Jihar Gombe, da Lamja a Jihar Adamawa. A Jihar Delta kuwa, wajen Asaba da Ogwashi-Uku, akwai ɗanyen kwal mai yawa.

Alƙaluman da hukumomin tarayya suka saba bayarwa sun nuna cewa abin da aka tabbatar da shi ta hanyar bincike ya kai kimanin tan miliyan 639, wanda ake hasashe kuma ya kai kimanin tan biliyan 2.75. Ya kamata a lura da bambancin da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu. Na farko an haƙa ramukan gwaji an auna, na biyu kuwa kintace ne da aka ɗora a kan yanayin duwatsu. Banki ba ya ba da rance a kan kintace, shi ya sa duk wani babban aiki yake farawa da bincike mai cin kuɗi da lokaci.

Yadda Aka Fara a Inugu

A shekarar 1909 ne wani masanin duwatsu na gwamnatin Turawan mulkin mallaka, mai suna Albert Kitson, ya gano kwal a tsaunukan Udi. A wancan lokaci jiragen ƙasa da na ruwa suna dogara ne da kwal ɗin da ake kawowa daga Birtaniya, saboda haka wannan labari ya yi wa gwamnati daɗi ƙwarai. Nan da nan aka shiga neman hanyar fitar da shi. Wannan ne babban dalilin kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, da shimfiɗa layin dogo daga can zuwa Inugu, wanda aka kammala a 1916. A wannan shekara aka fitar da kimanin tan 24,000, a daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya sa kwal ɗin Turai ya yi wuyar samu.

Garin Inugu kansa haƙar kwal ce ta haife shi, domin ya faro ne daga sansanonin leburori da gidajen Turawan da ke kula da su. Daga baya layin dogo ya zarce arewa, ya isa Kafanchan da Jos a 1927, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932. Daga nan kwal ya samu hanyar zuwa arewa kai tsaye. Yawancin buhunan gyaɗar da aka sauke daga dalar Kano a waɗannan shekaru, jirgi mai cin kwal ne ya kai su bakin ruwa. Har ƙasar Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, an riƙa sayar wa kwal ɗin Inugu domin jiragenta.

A ɓangaren lantarki, tashar Ijora ta Legas, wadda aka buɗe a 1923, da kwal take aiki. A 1956 aka buɗe tashar Kogin Oji kusa da Inugu, wadda daga baya ƙarfinta ya kai megawat 30. Masana'antar siminti ta Nkalagu, da ta fara aiki a 1957, ita ma ta zama babbar mai saye. A 1950 gwamnati ta kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya, ta damƙa mata haƙa da sayarwa ita kaɗai. Sana'ar ta kai ƙololuwarta a wajejen 1958 zuwa 1959, lokacin da aka haƙo kimanin tan 900,000 a shekara, da ma'aikata wajen 8,000.

Wannan bunƙasa ba ta samu a banza ba. Mahaƙan sun yi aiki cikin duhu da zafi da ƙura, da diga da shebur, a kan ɗan albashi. A ranar 18 ga Nuwamba 1949, ma'aikatan mahaƙar Kwarin Iva suna cikin zaman dirshan kan bashin albashi da korar abokan aikinsu, 'yan sandan gwamnatin mulkin mallaka suka buɗe musu wuta. Mutum 21 suka rasu, 51 suka ji rauni. Wannan ɗanyen aiki ya harzuƙa jama'a a ko'ina, ya haɗa kan 'yan siyasa da ƙungiyoyin ƙwadago waɗanda da ba sa ga maciji da juna, kuma masana tarihi suna lissafa shi cikin abubuwan da suka gaggauta neman 'yancin kai.

Dalilan Durƙushewar Sana'ar

Kwal bai ƙare a Inugu ba. Masu sayensa ne suka watse ɗaya bayan ɗaya, kuma duk ma'adinin da ba shi da tsayayyen mai saye, haƙarsa asara ce.

Da farko, tun daga tsakiyar shekarun 1950 Hukumar Jiragen Ƙasa ta fara sauya kawunan jiragenta daga masu cin kwal zuwa masu shan man dizal, waɗanda suka fi sauƙin kulawa kuma ba sa bukatar tsayawa shan ruwa a kowace tasha. Ita ce kuwa take sayen kaso mafi girma. Na biyu, an gano man fetur a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, hankalin gwamnati da kuɗinta suka koma can. Na uku, hukumar lantarki ta juya ga iskar gas da ruwa. An gina tashoshin gas a Afam da Ughelli a shekarun 1960, aka kuma kammala madatsar Kainji a 1968, wadda daga baya ƙarfinta ya kai megawat 760, wato fiye da ninki 25 na tashar Kogin Oji.

Na huɗu shi ne yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Aiki ya tsaya cik a Inugu, ruwa ya cika ramuka, injuna suka yi tsatsa. A cikin wannan hali ne aka buɗe mahaƙar Okaba domin cike giɓi. Bayan yaƙi an yi ƙoƙarin farfaɗo da sana'ar, har a ƙarshen shekarun 1970 aka kawo injunan haƙa na zamani daga ƙasar Foland ta Turai. Injunan ba su dace da yanayin duwatsun Inugu ba, ga kuma ruwa mai tsami da ke tsattsafowa cikin ramuka yana cinye famfuna da ƙarafa. A wasu shekarun 1980 abin da aka haƙo bai kai tan 100,000 ba.

An kuma sa rai cewa masana'antar ƙarafa ta Ajakuta za ta zama sabuwar mai saye, musamman ga kwal ɗin Lafiya da Obi, wanda yake da halin dunƙulewa amma yake da yawan toka da farar wuta. Masana'antar ba ta kai ga kunna babban murhunta na narka tama ba. A 1999 aka janye wa Hukumar Kwal ikon da take da shi ita kaɗai, a farkon shekarun 2000 haƙarta ta tsaya, daga baya aka sa kadarorinta a kasuwa.

Yadda Kwal Ke Zama Wutar Lantarki

Domin a gane abin da ya sa gina tashar kwal ba ƙaramin aiki ba ne, yana da kyau a san yadda take aiki. Ana niƙa kwal ya zama gari, a hura shi cikin wani ƙaton murhu. Zafin wutar yana tafasa ruwa a cikin bututu, tururin ya fito da ƙarfi ya juya wata farfela, ita kuma ta juya janareta. Daga nan sai a sanyaya tururin ya koma ruwa, a sake tafasa shi. Saboda haka tasha tana bukatar abubuwa huɗu a kullum: kwal ba yankewa, ruwa mai yawa, wurin zubar da toka, da manyan wayoyin da za su kwashe wutar.

Tasha mai ƙarfin megawat 1,000 takan ci kimanin tan miliyan 3 na kwal a shekara. Wannan ya ninka abin da Inugu ta haƙo a shekararta mafi albarka fiye da sau uku. Idan da tirela mai ɗaukar tan 30 za a yi jigilarsa, ana bukatar lodi 100,000 a shekara, wato sama da tirela 270 kowace rana, rani da damina. Wannan ya sa ake gina irin waɗannan tashoshi a bakin mahaƙa ko a gefen layin dogo. Fa'idar kwal ita ce ana iya tara shi a ajiye kamar hatsi a rumbu, kuma tasharsa tana aiki dare da rana, ba ruwanta da janyewar kogi ko fasa bututu. Aibinsa kuma shi ne tsadar gini, da hayaƙi, da toka.

Matsayin Kwal a Halin Yanzu

Wutar da ke kan babban layin ƙasa tana fitowa ne daga tushe biyu. Kimanin kashi huɗu cikin biyar daga tashoshin iskar gas ne, irin su Egbin da ke Legas, ragowar kuma daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Ko da yake ƙarfin injunan da aka girka ya kai wajen megawat 13,000, abin da ya riƙa isa ga jama'a a shekarun 2023 da 2024 yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000.

Wannan ƙaranci ya sa gwamnatoci suka sha waiwayar kwal. An sa shi cikin ma'adinai 7 da aka ware domin ba su kulawa ta musamman, kuma a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan an bayyana burin samar da kashi 30 cikin 100 na wutar ƙasa daga kwal. An tsara wata tasha mai megawat 1,200 a Itobe ta Jihar Kogi. Burin bai cika ba. Babban abin da ya kawo cikas shi ne kuɗi, domin mai zuba jari yana son tabbacin cewa za a sayi wutarsa a kuma biya shi har shekaru 20 ko fiye, alhali kasuwar lantarki, tun bayan sayar da kamfanonin a 2013, ta yi ta fama da bashi.

Duk da haka kwal ya samu sabon mai saye, wato masana'antun siminti. Dafa farar ƙasa ta zama siminti yana bukatar zafin da ya kai wajen digiri 1,450, kuma kuɗin makamashi yana cikin mafi girman abin da masana'anta ke kashewa. Kamfanin siminti na Ashaka ya fara haƙar kwal a Maiganga, cikin Ƙaramar Hukumar Akko ta Jihar Gombe, a wajejen 2007, yana jigilarsa zuwa masana'antarsa da ke Ƙaramar Hukumar Funakaye. Kamfanin Dangote shi ma ya gyara murahunsa domin su iya cin kwal, musamman bayan yankewar gas da aka sha fama da ita, wadda ta tsananta a 2016 sakamakon fasa bututu a yankin Neja Delta, ya kuma buɗe mahaƙu a yankin Ankpa na Jihar Kogi. Ke nan kwal ya daina haskaka gidaje, amma yana da hannu a cikin buhun simintin da ake gina su da shi.

Abin Koyi Daga Jamhuriyar Nijar

Maƙwabciyarmu Nijar ta nuna yadda ƙaramar mahaƙa kan ɗore idan tana da mai saye a kusa. A 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR domin haƙar kwal a Anu Araren, kusa da Cirozerin a Jihar Agadas. A farkon shekarun 1980 aka kunna tasha a bakin mahaƙar, mai injuna biyu da ƙarfinsu ya kai wajen megawat 37. An gina ta ne domin ba mahaƙun yuraniyom na Arlit wuta, garuruwan Agadas da Arlit da Cirozerin suka ci moriyarta. A watan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take tura wa Nijar bayan juyin mulki, Yamai da garuruwan kudu ne suka shiga duhu, domin yankin Agadas ba ya kan wancan layi.

Haka kuma an yi ƙoƙari a Nijar wajen gasa kwal a rage masa hayaƙi, a sayar wa magidanta domin girki, da nufin rage saran itatuwa. Wannan tunani ya shafi arewacin Nijeriya, inda yawancin gidajen karkara da itace suke girki, hamada kuma tana ƙara matsowa. Sai dai a kiyaye: ɗanyen kwal da ba a sarrafa ba yana fitar da hayaƙi mai guba, bai kamata a ƙona shi a cikin ɗaki ko rufaffen madafi ba, kuma ko gawayi ne ba a kwana da shi a ɗaki a rufe domin jin ɗumi.

Inda Duniya Ta Dosa

Kwal yana samar da kimanin kashi ɗaya cikin uku na wutar lantarkin duniya. Ƙasar Sin ita kaɗai tana ƙona fiye da rabin abin da ake haƙowa, Afirka ta Kudu kuma tana samun wajen kashi 80 cikin 100 na wutarta daga gare shi. Amma hayaƙin da yake fitarwa, mai ɗumama yanayi, ya kusa ninka na iskar gas sau biyu a kan wuta daidai wa daida. Saboda haka manyan bankunan duniya da dama sun daina ba da rancen gina tashoshinsa. A watan Satumban 2021 ƙasar Sin ta sanar cewa ba za ta ƙara gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje ba. A watan Nuwamban wannan shekara, a taron sauyin yanayi na Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shafewa kafin 2060, tsarin da aka fitar a 2022 kuma ya dogara ne da gas da hasken rana. Ita kanta Birtaniya, wadda ta buɗe mahaƙun Inugu, ta rufe tasharta ta kwal ta ƙarshe a ranar 30 ga Satumba 2024.

Wannan yana nufin cewa duk wanda ya zo ƙauye da alƙawarin gina babbar tashar kwal, ya dace a tambaye shi inda kuɗin zai fito da wanda zai sayi wutar.

Illolin Haƙar Kwal ga Jama'ar Karkara

Haƙar buɗaɗɗen rami tana kwashe ƙasar noma ta sama, wadda ba ta dawowa sai da gyara na shekaru. Rami mai zurfi yakan janye ruwan ƙarƙashin ƙasa, rijiyoyi su ƙafe. Ruwan da ya ratsa mahaƙa yakan yi tsami ya ɗauko ƙarafa masu cutarwa, idan ya shiga rafi sai ya lalata ruwan sha da na dabbobi, kamar yadda bincike ya nuna a rafukan da ke kusa da tsofaffin mahaƙun Inugu. Ƙurar kwal tana haddasa ciwon huhu, nakiyar fasa dutse tana tsaga bangon gidaje, manyan motoci suna farfasa hanya, ramukan da aka bari kuma sukan cika da ruwa su zama tarko ga yara da dabbobi.

A Maiganga sai da aka tashi ƙauyen aka sake masa mazauni. An samu ayyukan yi da wasu gine-ginen jama'a, amma mazauna yankin sun sha kai kuka kan diyya da ruwan sha da ƙura. An ji irin waɗannan koke-koke a yankunan haƙa na Kogi da Binuwai. Darasin da ke ciki shi ne, abin da ba a rubuta tun farko ba, nemansa daga baya yana da wuya.

Abin da Doka Ta Tanada

Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa dukkan ma'adinan ƙarƙashin ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya. Saboda haka gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ko hakimi ba shi da ikon ba da izinin haƙa. Ofishin Kadasta na Ma'adinai ne ke ba da lasisi, a ƙarƙashin Dokar Ma'adinai da Haƙarsu ta 2007. Dokar ta fifita haƙar ma'adinai a kan sauran amfanin ƙasa, amma ta kuma ba jama'a haƙƙoƙin da ya wajaba su sani:

1. Lasisin bincike dabam yake da lasisin haƙa. Mai takardar bincike ba shi da izinin buɗe mahaƙar kasuwanci. A nemi ganin takardar, a duba sunan kamfani da iyakar filin da wa'adin.

2. Ana bukatar sanar da mai ƙasa ko wanda ke zaune a kanta, a kuma nemi amincewarsa. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba.

3. Wajibi ne a biya diyyar amfanin gona, da itatuwa masu amfani, da gine-gine, tare da kuɗin hayar filin. A ƙirga komai a gaban shaidu kafin injuna su shiga.

4. Kafin a fara aiki, dole kamfani ya ƙulla Yarjejeniyar Raya Al'umma a rubuce da jama'ar wurin, kuma ana sake duba ta bayan kowace shekara 5. A bayyana kowane aiki da wurinsa da ranar gama shi da wanda zai kula da shi.

5. Dokar tantance illa ga muhalli ta 1992 ta wajabta yin nazari kafin babban aiki, tare da baje rahoton domin jama'a su faɗi ra'ayinsu. Haka kuma gyara filin bayan an gama haƙa yana wuyan kamfani.

6. A kowace jiha doka ta tanadi kwamitin kula da ma'adinai da muhalli, wanda ake kira MIREMCO, kuma ƙananan hukumomi suna da wakilci a cikinsa. Nan ne ɗaya daga cikin wuraren kai ƙorafi.

Yana da kyau kafin a fara haƙa a auna zurfin rijiyoyi, a kai ruwansu gwaji, a ɗauki hotunan gidaje da gonaki, a ajiye kwafi a sakatariyar ƙaramar hukuma da fadar hakimi. Wannan shi zai zama hujja idan an samu saɓani. A kuma tabbatar an sa mata da matasa da makiyaya cikin masu tattaunawa, domin su suka fi sanin inda ake ɗiban ruwa da inda burtali ya bi. Shugabanni kuma su guji karɓar wani abu a asirce, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai wani sauyi da ya kamata jami'ai su sani. Gyaran tsarin mulki da Dokar Lantarki ta 2023 sun ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta da kafa hukumomin kula da ita a cikin iyakokinsu. Ikon ba da lasisin ma'adinai kuwa yana nan a hannun tarayya. Don haka jihar da ke son yin wuta da kwal ɗin da ke ƙasarta sai ta haɗa kai da hukumomin tarayya.

Kammalawa

Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Tarihin kwal a Nijeriya ya ƙara mana da cewa tonon kaɗai ba ya wadatarwa. Sana'ar ta bunƙasa lokacin da jirgin ƙasa da tashar lantarki suke saye, ta durƙushe da suka juya baya, ta kuma sake motsi da masana'antun siminti suka bukace ta. Alamu sun nuna cewa a shekaru masu zuwa matsayin kwal zai fi ƙarfi a masana'antu da ƙananan tashoshin da ke kusa da mahaƙa, fiye da babban layin wuta na ƙasa. Ko ta wace hanya aka bi, ƙasar da za a tona gonar wani ce, ruwan da zai gurɓata kuma rijiyar wani ce. Ana kira ga jama'a da shugabanninsu da su nemi sani, su riƙe takardunsu, su kuma bi hanyar doka da lumana wajen neman haƙƙinsu.